Na Ɓoye Wa Ƙanwata Ciwon Babanmu

A wancan lokacin ni ɗan kasuwa ne mai ji da kansa, ina ɗaukar kaya daga Sabon Birni in tsallaka Nijar, in dawo in ci kasuwar Isa. Ni ne babba a gidanmu, kuma ba abin da nake alfahari da shi kamar ƙanwata, autarmu. Ta karanta likitanci, sannan ta duƙufa kan binciken jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa da ciwon mantuwa mai kama tsofaffi. Ko rabin aikinta ban gane ba, amma duk wanda munka haɗa mota da shi sai ya sha labarinta.

Tana shekarar ƙarshe ta digirin digirgir a ƙasar waje Baba ya fara canzawa. Mutumin da ya san iyakar kowace gona a garinmu Kurawa ya fita duba geronsa ya kasa gane hanyar gida, sai wani makiyayi ya rako shi. Wata safiya bakinsa ya ɗan karkace, kafin azahar ya daidaita, munka ce iska ce. Inna ta ce a gaya wa autarta, ni na hana. Na ce tsufa ne, kuma in ta ji za ta watsar da karatun ta taho. In ta kira waya nakan miƙa wa Baba, da ya fara rikicewa in karɓe in ce ba a ji sosai. Haka na yi ta yi har ta gama.

Ranar da ta dawo, ta durƙusa gabansa ta aza masa takardar shaidarta a cinya. Ya yi mata sannu da zuwa cikin fara'a, ya ce wa Inna a dama wa baƙuwa fura. Sannan ya gaya wa baƙuwar yana da ɗiya mai karatu a nesa, ya tambaya ko ta taɓa gamuwa da ita. Ta ce ta san ta, tana gaishe shi ƙwarai. Sai da ta shiga ɗakin Inna ta yi kuka.

Ta kai shi Sakkwato anka ɗauki hoton kansa. Ta zaunar da ni ta nuna mini inda hawan jini ya yi ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ta ce ba lalle a iya warkar da shi ba, amma da an tare jinin da wuri, wataƙila da ya gane ta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Yaya, na san don ni ka yi. Amma saboda irin su Baba na tafi karatun nan."

Ya ƙara shekara uku tare da mu, kullum yana murna da baƙuwarsa, kafin Allah ya karɓi abinsa. Bara anka ba ta jagorancin nata rukunin masu bincike, kuma ni ta zaunar a kujerar uba wurin walimar.

Na koyi cewa ƙauna ba ta ba ni ikon yanke wa wani abin da zai iya ɗauka. Ba za ni daina roƙon masu karatu ba: in tsohonku ya fara ɓata a hanyar da ya sani, ku kai shi asibiti a auna jininsa, kuma ku gaya wa 'yan'uwanku tun yana iya kiran sunansu.