Selerin da Na Shanya a Rana

Wata ranar Alhamis ce ta bazara, ina aji biyar a firamare, aka kawo wa Inna ɗaurin seleri daga Jos. Kwana shida ke nan Baba yana kwance a gidanmu na Ƙofar Dumi a Bauchi, ko kunu ba ya iya haɗiyewa. Abu ɗaya ya roƙa: farfesun kaza mai wannan ganyen, irin wanda yake sha lokacin da yake tuƙin mota zuwa Jos. An zagaye kasuwar Muda Lawal kaf ba a samu ba, sai da wani direba abokinsa ya taho da shi.

Inna ta miƙo mini, ta ce in adana, ta fita neman kaza. A gidanmu kuwa adana ganye hanya ɗaya gare shi. Kuka, zogale, yakuwa, duk shanyawa muke yi. Don haka na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na baza shi ɗaya bayan ɗaya cikin ranar nan mai ƙuna, har ina jin kaina babbar mace, na tafi wasan 'yar carafke.

Da la'asar Inna ta dawo ta tarar ya yi laushi kamar tsohon tsumma. Ba ta doke ni ba, ni kuwa da dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Durƙusawa ta yi tana tsince shi.

"Binta, in ya tambaya me zan ce masa?"

Ta yanke gindinsa, ta tsoma a ruwan randa, ta rufe da jiƙaƙƙen zane. Na tsuguna a gefe ina kuka ina addu'a, ina ɗaga zanen kowane minti. Kafin magariba sanda biyu suka miƙe, sauran suka tafi bola.

Da su Inna ta yi farfesun. Baba ya sha cokali huɗu, ina ƙirgawa daga bakin ƙofa. Ya lumshe ido ya ce wa Inna, "Shi ne, Hauwa. Allah ya yi miki albarka." Ranar Lahadi ya rasu, kuma har Inna ta bi shi ba ta faɗa wa kowa abin da na yi ba.

Yanzu seleri ba ya wuyar samu a Bauchi. Ina tsayar da shi a kofin ruwa cikin firij, 'ya'yana suna tsince shi daga miya suna turawa gefe. Ni nake cinye nasu.