Kwandon da Ya Yi Kama da Makara

Matso kusa ka zauna, ga tabarma. Labarin Mainasara na Dandin Mahe zan ba ka, kuma tun yanzu in gaya maka, ba mai daɗi ba ne.

Mainasara ɗan dako ne, amma a kan babur. Ya saye shi a farkon mulkin farar hula, lokacin da kowa ke ganin alheri ya sauka ke nan ba tashi. Da safe zai je fadamar Danchadi, masu lambu su ɗora masa albasa da tumatir, ya kai wa 'yan kasuwa a Bodinga, wata rana Shagari. Buhuna a gicciye bayansa, kwando a sama, babbar riga cike da iska. In ka hango shi daga nesa sai ka ce rumbu ne ya yi ƙafa.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya shigo. Mai ya yi wuya, a wuni a layi a dawo hannu rabbana. Abin da Mainasara ya samo, tanki ke shanyewa. Matarsa Kaltume ta fara rage awon tuwo. Shi kuwa ya sani, ranar da babur ɗin nan ya bar hannunsa, 'yar gonarsa ba za ta riƙe gidan ba.

Wata rana a hanyar Shagari iska ta taso masa ta gaba, ya ji kamar wani ya riƙe babur ɗin ta baya. Ya tsaya, ya naɗe rigarsa ya ɗaure a ƙugu, ya juya buhunan suka miƙe a bayansa maimakon gicciye. Da ya tayar, sai babur ya saki jiki.

Ya dawo gida yana murna. "Kaltume, ashe ba hanya ka shan man nan ba, iska ta!"

Ta ce, "To, Malam, yanzu har iska muka ciyarwa? Shi ya sa tuwo bai isa."

Ya samo tukurwa ya ɗaure dogon kwando, faɗinsa bai wuce kafaɗunsa ba, bayansa ya tsuke kamar wutsiyar kifi. Kaltume ta saƙa masa tabarmar kaba aka lulluɓe shi, don iska ta riƙa zamewa ta wuce. Ya ɗaure shi a mazaunin baya. Kai, abin ya yi! Man da a da yake kai shi Bodinga kawai, yanzu har ya dawo da shi wani wuri a hanya.

Abu ɗaya ne bai lura da shi ba. Ranar da ya fara shiga kasuwar Bodinga da shi, Alhaji Attahiru dillalin albasa ya miƙe tsaye yana salati.

"Mainasara, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Alhaji. Albasarka ta."

"Albasata cikin makara? Kai, hito min da ita tun mutane ba su taru jana'iza ba!"

Kasuwa ta fashe da dariya. Mainasara ya waiwaya ya dubi aikinsa: dogo, siriri, na tukurwa, lulluɓe da tabarma. Makara sak. Daga ranar ya zama Mai-makara. Wasu masu lambu suka janye kayansu, amma da yawa suka daure, tunda dakonsa ya fi na kowa sauƙi. Wasa ne, in ji su, ai ba a taɓa sa gawa a ciki ba.

Haka aka yi ta lallaɓawa har shekarar da ƙyanda ta shigo gari. Ran nan ya sauke kaya a Bodinga da hantsi, sai ga Ladan, maƙwabcinsa, yana zaune bakin asibitin da ke daura da kasuwa, rungume da wani abu a cikin zane. 'Yarsa ce, ƙarama, ta cika da safe. Ya zaga tasha, babu motar da ke da man zuwa Dandin Mahe.

Ladan ya ce, "Mainasara, ɗiyata ta. Ina so a rufe ta gida, kusa da kakanninta. Ban san mi zan yi ba."

Mainasara ya dubi tanki. Man ba zai ja mutum biyu ba, amma da kwandon nan zai kai shi da yarinyar. Ya dubi kasuwa, ga idanu a kansu. Ya san abin da zai biyo baya, ba wai bai sani ba. Ya buɗe tabarmar, ya shimfiɗa rigarsa a ciki.

"Kwantar da ita nan. Ka samu keke ka biyo ni."

Ya tafi a hankali, yana kauce wa ramuka. Bai taɓa jin babur ɗin ya yi sauƙi kamar ranar ba. Man ya ƙare daf da gari, ya tura sauran da ƙafa.

Kowa ya sa masa albarka. Amma washegari da ya je Danchadi, masu lambu suka yi ta sunkuyar da kai, ba wanda ya ɗora masa kaya. Alhaji Attahiru ma, wannan karon ba dariya, ya ce, "Allah shi saka ma da alheri. Amma abincin mutane na, ka gane."

Ya kwance kwandon ya koma ɗaura buhu a gicciye. Sunan bai kwance ba. 'Yan kaɗan da suka dawo masa, iska ta shanye ribarsu. Kafin damina ya sayar da babur. Ya koma ƙwadago a gonakin mutane, har ƙarfinsa ya ƙare.

Kaltume ta sha cewa a ƙone kwandon, ya hana. Yana nan rataye a zaurensa. In ƙaramin yaro ya rasu a unguwa, sai ka ji sallama, an zo aro, har da waɗanda suka hana shi kayansu. Bai taɓa hana kowa ba. Shi da kansa yake sauko da shi, ya karkaɗe, ya miƙa.

To kai da ka ji, da kai ne a bakin asibitin nan, ga Ladan ga idon kasuwa, za ka buɗe tabarmar?