Ɗinkin Bahago

Bahago mai walda ne, kuma duk wanda ya san ƙarfe a garin ya san hannunsa. Sauran masu walda daga hagu suke jan ɗinki zuwa dama, shi kuwa daga dama yake farowa, ya ƙarasa da ɗan lanƙwasa kamar wutsiyar ƙadangare. Da can har kiran mutane yake yi su zo su gani. Yanzu ko zancen ba ya so.

Shekara tara ke nan da wani direban tirela ya kawo masa aiki, ya ce a yi wa bodin ƙasa biyu, a bar sarari a tsakani, wai yadi za a riƙa ɓoyewa. Bahago bai tambayi komai ba, ya zauna ya yi aikin tsaf, don shi bai iya aikin banza ba. Bayan wata shida 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da ƙanwarsa take aure, suka kashe ta da 'ya'yanta biyu a bakin rijiya. Ba a daɗe ba aka kama wata tirela cike da bindigogi a ƙarƙashin bodi, aka baje su a harabar 'yan sanda. Jama'a na kallon bindigogi, shi yana kallon ɗinkin. Nasa ne. Babu wanda ya ce masa wannan motar ce ta shigo da abin da ya kashe ƙanwarsa, amma babu mai iya ce masa ba ita ba ce.

Tun daga nan ya shiga ƙungiyar da wata lauya ta kafa don yaƙi da fasa-ƙwaurin makamai. Su lauya takardu gare su da taruka, shi kuwa 'yar guduma. Kullum da safe sai ya zaga tashar manyan motoci yana ƙwanƙwasa bodi da tanki. Ƙarfen da ba a taɓa ba tsaf yake amsawa, wanda aka yi wa ciki kuwa sai ya yi ƙara irin ta tulun da babu ruwa. In ya ji haka sai ya rubuta lambar motar a bayan kwalin ashana ya kai wa lauya.

Abin da ya samu a ciki ba shi da daɗin faɗa. Direbobi sun ƙaurace wa garejinsa, sai gyaran ƙofa da ƙafar kujera. 'Yan tasha na tsokanarsa da "Likita, yau wa za a duba wa ƙirji?" Sau biyu aka ƙona masa rumfa. Mota ashirin da uku ya kai rahoto, uku aka riƙe, ɗaya ma bayan mako biyu ya gan ta a hanya da sabon fenti. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Maigida, ƙarfen duniya fa ba zai ƙare a hannunka ba," in ji matarsa. "Ka huta mana."

"Ai in na zauna ne abin yake dawo min," ya ce.

Babban ɗansu ya buɗe nasa garejin a bayan kasuwa, yana da mata da 'ya'ya uku. Shi ba bahago ba ne, da dama yake cin abinci, amma da hagu yake walda, don haka ya tashi ya ga ubansa na yi.

Wata Talata da hantsi Bahago ya shiga ƙarƙashin wata tankar mai, ya buga, ya ji ƙarar tulu. Ya sa yatsa ya goge baƙin mai. Ɗinkin sabo ne, daga dama ya taso, ga 'yar wutsiyar a ƙarshe. Ya daɗe kwance a wurin har direba ya taɓa masa ƙafa yana tambaya ko barci ya kwashe shi.

Daga nan ya wuce garejin ɗansa, ya tarar da shi yana yankan ƙarfe.

"Tankar nan mai shuɗin kai, aikinka ne?"

Ɗan ya kashe inji, bai ɗago ba. "Baba, sun ce yadi ne."

"Ni ma yadi aka ce min."

"In ka kai lambar nan, ni za a fara kamawa. Ka sani ko?"

"Na sani."

Ofishin lauya a bene na biyu yake, ranar sau uku ya tsaya hutawa kafin ya kai. Ya ajiye kwalin ashanar a kan tebur. Ta kwafe lambar, sannan ta yi tambayar da ta saba yi masa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baba, ka gane hannun mai waldar?"

"Na gane. Ni na koya masa."

Ta ajiye biro tana dubansa.

"Ɗauki ki rubuta, 'yata," ya ce. "In na sauka benen nan ban faɗa ba, ba zan iya sake hawowa ba."