Wuƙar da Obadiya Ba Ya Ba da Aro

Duk wanda ya taɓa aiki a kamfanin tabarmar roba da ke Bompai ya san Obadiya, in ma bai san shi ba to ya san wuƙarsa. Gajere ne kakkaura, mutumin wajen Zonkwa, mai furfura a gefen kai da dariyar da ake jiyowa tun daga bakin get. A sashen lodi yake: ya kwance dilolin da suka shigo, ya ɗaure masu fita. Sakin hannu kuwa ba a magana. Ka nemi aron kekensa, zai ba ka har ya bi ka da famfo. Ka ce kana jin yunwa, ya turo maka kwanonsa. Amma ka kuskura ka ce ya ara maka wuƙa, nan take zai ɗaure fuska.

"Kawo abin in yanka maka," iyakar amsarsa ke nan, ko kai wane ne.

Wuƙar 'yar naɗewa ce mai baƙin mariƙi, bakinta ya kai tsawon tafin hannu. A Sabon Gari ya saye ta, wajen wani mai baza kaya a ƙasa, a kuɗin da ko kaza ba za su saya ba. In ya buɗe ta sai ta ce ƙas, ta kulle kanta, kuma don jin wannan ƙarar kawai yakan buɗe ta ko babu abin yanka. Da ita yake datse igiyar dila, da ita yake fere rake a lokacin hutu, da ita yake buɗe gwangwani. Bai taɓa ɓoye aibinta ba. Yakan ce nauyi gare ta, don matarsa Laraba ta gaji da yi wa aljihunansa faci. Da damina takan yi 'yar tsatsa, sai ya goge ta da man gyaɗa. In 'yar ƙusar tsakiyarta ta yi sako-sako ya ɗaure. Daga nan sai ya ɗora da yabo, kuma in ba ka yi dabarar zamewa ba sai shayinka ya huce.

Babban mai tsokanarsa shi ne Malam Ashafa, dogo siriri, mutumin wani ƙauye kusa da Ringim, wanda ke tuƙa motar ɗaga kaya. Tare aka ɗauke su aiki tun gashinsu na baƙi. Kullum da safe in sun gama gaisawa sai Ashafa ya duƙa yana kallon aljihun Obadiya.

"Baban Rut, yaya 'yar auta? Ta kwana lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Malam. Ta ce in gaya maka yau ma ba za ka taɓa ta ba."

Abu ɗaya ne ke ci wa Obadiya rai a wannan abota. Duk Babbar Salla Ashafa kan kawo masa cinyar rago har gida, can Badawa, su ci su yi santi. Amma in Kirsimeti ta zo, Ashafa zai zo, ya sha lemo, ya ci cincin, ya yaba shinkafar Laraba, nama kuwa ya ture shi gefe cikin ladabi. Ya taɓa faɗa masa sau ɗaya, ba tare da ɓoye-ɓoye ba, cewa zuciyarsa ba ta natsuwa da naman da ba Musulmi ne ya yanka ba. Maganin abin kuwa sananne ne a unguwar. Kiristoci da yawa kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu, kowa ya ci. Obadiya ne dai ya kafe. Mahaifinsa da hannunsa yake yanka akuyarsa, in ji shi, kuma ina amfanin mutum ya mallaki irin wannan wuƙa, ranar da za ta nuna kanta a ce ta zauna a aljihu? Haka shekaru suka yi ta wucewa, yana jin ciwon abin, yana kuma ƙin sauka.

Sai gwiwoyi suka fara ba shi labari. Ya ajiye aiki a kan zai koma gida ya noma citta da zarar an shiga sabuwar shekara. Ya sayi wata ƙosasshiyar akuya ya ɗaure a tsakar gida, Laraba kuwa ta tsaya a kansa.

"Wannan ce Kirsimetinmu ta ƙarshe a Kano," in ji ta. "In ka bari Malam Ashafa ya sake ture kwanon nan, to har ka mutu bai ci namanka ba. Ka je ka yi ta rungumar wuƙa."

Maganar ta shige shi. Ya aika wa Ashafa cewa ya zo ranar jajibere ya yanka, amma da sharaɗin ya taho da tasa wuƙar.

Da hantsi Ashafa ya iso a kan babur, ya sauka, ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya tafa hannu.

"Subhanallahi! Ka ga na manto ta."

Fuskarsa ko kaɗan ba ta yi kama da ta wanda ya yi mantuwa ba. Laraba ta shiga ta ɗauko wuƙar girkinta, wadda ko tumatir sai an lallaɓa take yankawa. Ashafa ya shafa bakinta da babban yatsa ya girgiza kai.

"Maman Rut, wannan ai azabtar da dabba ne. Ba a yanka da dakusasshiyar wuƙa, sai mai kaifi, don kada ta wahala."

Laraba ta kalli aljihun mijinta, Ashafa ya kalli aljihun, har akuyar ma ta daina tuƙa. Obadiya ya gane an haɗa masa baki, ya kuma san in ya ƙi, Ashafa zai hau babur ɗinsa ya tafi, shi ke nan. Ya tura hannu aljihu a hankali, ya fito da ita, ya buɗe ta ce ƙas, ya miƙa ta ta wajen mariƙi.

"Kada ka danna nan, nan ne makullin. Kada ka kai ta kan ƙashi. Kada ka ajiye ta a ƙasa."

"Baban Rut, akuya zan yanka, ba auren wuƙarka zan yi ba."

Obadiya ya riƙe ƙafafun akuyar. Ashafa ya fuskantar da akuyar alƙibla, ya yi bisimilla da kabbara, ya ja sau ɗaya. Aiki ya ƙare. Ya ɗaga wuƙar ya dube ta sosai.

"Gaskiya ba banza kake cika mana kunne ba."

"Maimaita! Laraba, zo ki ji!"

Washegari bayan an taso daga coci, Ashafa ya zo da matarsa Atika. Aka ajiye musu farfesu da soyayyen nama. Obadiya ya kasa cin nasa, ya zauna yana kallon hannun abokinsa yana shiga kwano yana fita, har Ashafa ya tsotse ƙashi ya nemi ƙari. Daɗi ya cika shi, tare da takaicin shekarun da ya ɓata a kan taurin kai, bai kuma ji kunyar faɗa a gaban kowa ba.

Ranar tafiya, an gama loda kaya a mota, Laraba har ta shiga, Obadiya ya ja Ashafa gefe ya danƙa masa wuƙar.

"Ba kyauta na ba ka ba, aro ne. Baɗi da Kirsimeti ka kawo mini ita Zonkwa da hannunka. Akuya na jiranka."

Ashafa ya juya ta a tafinsa. Sannan ya ce, "In Allah Ya kai mu."

Yanzu a kamfanin aljihun Ashafa ne ke rinjaye gefe guda, Atika ce kuma ke faci. Kwanan baya wani sabon ma'aikaci mai suna Salisu ya zo da igiya a hannu ya nemi aron wuƙa. Ashafa ya ɗaure fuska.

"Kawo abin in yanka maka. Ba tawa ba ce, kuma mai ita na jirana."