Gaisuwar Mutuwa a Ƙasan Benenmu

Lokacin da muka bar Kona muka iske Baba a Jamus, sanyi ya riga ya shiga. Ɗakinmu yana saman bene. Taga ɗaya tana kallon wurin zuba shara, ɗayar tana kallon bangon wani benen. Baba yana sammakon fita aiki, ni kuma ina tafiya lakwal, ajin baƙi, inda ake koya mana Jamusanci. Inna ba ta zuwa ko'ina. Ba ta jin yarensu, ba ta jin Faransanci, matakalar benen kuma jiri take sa mata. In na dawo nakan tarar da ita a bakin taga, ƙafafunta cikin safar Baba.

A aji ba na magana sai an matsa mini. Madam ɗinmu ta ce a yarensu kowane abu ko namiji ne, ko mace, ko kuma ba ko ɗaya, kuma kada mu nemi dalili, hadda kawai ake yi. Sai na riƙa bin kayan ɗakinmu ina raɗa musu jinsinsu. Cokali namiji, ƙofa mace, taga ba ko ɗaya. Inna ta ce na cokali da ƙofa ta yarda, amma taga an cuce ta.

Sauran na koye shi a matakala, daga takardun da aka manna a bango. Kada a jingina keke. Dole a rufe ƙofar waje. Ban da hayaniya da tsakar rana. A nan na lura sau da yawa aikin da suke nufi can ƙarshen magana yake maƙalewa, sai mutum ya jira an gama kafin ya san abin da aka hana shi.

A ƙasanmu akwai wani tsoho da matarsa. Ba mu taɓa wuce gyaɗa kai da su ba, amma muna jin tarin tsohon ta cikin daɓe, har Inna ta san lokutansa. Ita ce ta fara cewa tarin ya ɗauke. Da Baba ya tambayi mai kula da benen, aka ce tsohon ya rasu a likita.

Inna ta zauna jiran mutane. A Kona in an yi rashi tabarmi har bakin hanya suke kaiwa, mata su zo a amalanke tun daga Hawandawaki da kwanoni a cinya. Nan kuwa matakala shiru. Ta aike ni in leƙa ko akwai takalma a ƙofar matar. Na sauka na dawo na ce babu komai sai abin goge ƙafa.

Sai ta ce za mu gaisuwa. Baba ya ce mutanen nan ba haka suke yi ba, kati suke saye su zura ta ƙarƙashin ƙofa. Inna ta tambaye shi ko katin ne zai zauna da matar. 

Washegari na bari kowa ya fita daga aji, na tambayi Madam abin da ake ce wa wanda aka yi wa mutuwa. Ta rubuta mini kalmomi biyu a allo, ta tuna mini cewa a yarensu babba Sie ake ce masa don girmamawa, ba du da ake ce wa yaro ba. Na taho ina maimaitawa har gida. Na tarar Inna ta dama kunu da ɗan garin geron da ya rage cikin wanda muka zo da shi.

Bayan la'asar muka sauka, Inna tana dafe da bango. Matar ta buɗe, sanye da rigar sanyi ta maza wadda ta yi mata yawa. Na sunkuyar da kai na faɗi kalmomina. Ta yi godiya, hannunta yana kan ƙofa. Amma Inna ta riga ta tuɓe takalmi ta yi sallama ta shige, don gidan mutuwa ba a jiran a ce wa mutum shigo. Ta wuce kujeru ta zauna a ƙasa, ta ajiye kwanon kunu, ta naɗe ƙafa. Na zauna kusa da ita.

Matar ta daɗe a tsaye kafin ta zauna a bakin kujera. Akwai tabarau a kan jarida, da sandar dogarawa rataye a jikin tebur. Inna takan ɗago jifa-jifa ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta mayar da kai. Ta sake jiki yadda ban ga ta yi ba tun da muka zo ƙasar.

Can matar ta dube ni ta tambaya ko ruwa ne ke yoyo a sama. Na ce a'a. Ta tambaya ko wani abu muke buƙata. Na laluba duk abin da na sani ban sami yadda zan faɗa mata ba, sai na ce muna zaune. Ta ci gaba da kallona tana jiran saura.

Daga nan ta yi magana mai tsawo, a hankali, cikin ladabi. Na bi ta har ƙarshe, kuma ranar ce ta farko da na fahimci duk abin da Bajamushe ya faɗa a wajen aji. Cewa ta yi ta gode ƙwarai, ta gaji, tana so ta kasance ita kaɗai, kuma wani karon a fara tambayarta kafin a zo.

Inna ta taɓa gwiwata. Ba ta kiran sunana don ni ce ƴar fari.

"Ke, me ta ce?"

Na gaya mata yadda aka faɗa.

"Ita kaɗai? Ko dai ba ki ji daidai ba?"

"Na ji daidai, Inna."

Ta miƙe a hankali. Mun kai ƙofa matar ta biyo mu da sauri da kwanon kunun, ta ɗauka mantawa muka yi. Inna ta karɓa da hannu biyu ba ta dube ta ba.

Da muka hau sama ba ta cire mayafinta ba. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa daidai saitin ɗakin da muka baro, ta zauna. Baba ya dawo zai kunna tele, ta ce kada ya taɓa sai an yi uku, gidan mutuwa ne. Ni ma aka ce in yi aikin lakwal ba da ƙarfi ba. Na zauna a gefen tabarmar ina haddar yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce, leɓɓana kawai ke motsi.

"Kina jin motsinta?" in ji Inna.

Na kara kunne a daɓe. Na ce ina ji, kujera take ja.