Ko Kifi Ko Shugaba

Kyaftin Wulandari ta daɗe tana jigilar manyan wani kamfanin kantuna tsakanin tsibiran Indonesiya, ba ta taɓa musu da kowa ba. Rannan ma'aikatan wani reshe suka danƙare ƙaramin jirgin saman da tsarabar busasshen kifi, don abin kunya ne shugaba ya koma hannu rabbana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, nauyi ya yi yawa, ba zan tashi ba."

Shugaba Hendarto ya harare ta. "Matuƙa sun cika gari, Wulan!"

"To kira ɗaya. Ni dai ko kifi ya sauka ko kai, nauyinku ɗaya."

Ya dubi tumbinsa, ya ja tsaki. Kifi ya bi jirgin ruwa, Wulandari kuwa tana nan kan kujerarta.