Ragowar Ganuwa a Gonar Kawu Sale

"Ƙasar ce ake gogewa da burushi?" Kawu Sale ya tambaya, yana leƙa wayata.

Jiya ne, muna zaune a bakin gonarsa, a ƙauyenmu kusa da Dugabau. Ina nuna masa bidiyon wani tsohon garin sojojin Rumawa da ake tonowa a Ingila. Duk tsingaron da aka ciro sai an ba shi lamba.

Ya yi dariya. "Mu nan galma ce ke fito da irinsu, mu watsar a kan iyaka."

Sai ya ce in biyo shi. A ƙarshen gonar akwai tudun jar ƙasa da bai wuce gwiwata ba. Tun ina yaro na ɗauka suri ne. Ashe ragowar ganuwar tsohon garinmu ce. Duk bazara manoma na ɗibar ƙasarta su zuba a gona, wai gero na sonta.

"Nan ƙofar gabas take," in ji shi. "Kakanka ya nuna min, shi ma kakansa ya nuna masa."

Na ce, "To Kawu, kai wa ka nuna wa?"

"Wa ya tambaye ni? Kai ne na farko, kai ma sai da Turawa suka tuna maka."

Kawu ya haura tamanin. Na san ƙofofin garin Rumawan nan duka huɗu, amma namu ɗaya na sani, ita ma jiya. Da ma lokacin da kakana ke raye na tambaya.

A garinku, wa ya rage da za a tambaya?